Hanjin 'Ya'yan Dela

Likitoci sun cire wa babban ɗana hanji a watan Rajab. Ban je asibitin ba.

Sunana Isha'aku, mutumin Damagaram. Na shigo Jidda ina saurayi. Na yi dako a tashar jiragen ruwa, na yi leburancin gini, daga baya na samu gadin wani bene a Bagadadiyya. Haris suke ce mini, wato mai gadi. Ɗakina yana ƙasan benen, gefen matakala, da banɗaki guda da murhun gas. A nan matata Dela ta haifa mini 'ya'ya biyu maza. A nan kuma ta rasu, ƙaramin bai ko shiga makaranta ba. Ban sake aure ba.

Babban shi ne ɗan fari, don haka ba na kiran sunansa. Babba nake ce masa in ya zama dole. Ubana bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ya son sa. Haka muka tashi. Ɗan fari ba a zama da shi a yi hira, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. In ina da magana gare shi, ƙanensa Zaharadden nake gaya wa, ko da shi yana tsaye a wurin. In shi ke da magana, ta nan take dawo mini. Mun kusa shekara arba'in a haka, ba mu taɓa samun saɓani ba.

Babba ya yi karatu. Yana aiki a wani shagon magani a Ruwais, yana zaune a Bani Malik da matarsa Ruba, 'yar Hausawan Sudan da aka haifa nan Jidda. Allah bai ba su haihuwa ba. Zaharadden kuwa gyaran mukayyif yake yi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma tare muke kwana. Hausarsa rabi Larabci ce. Bakinsa ba ya rabuwa da wasa.

Bayan tiyatar da 'yan kwanaki, Ruba ta zo. Matan ƙasarmu ba sa tsayawa a gaban uban miji su kalli idonsa. Ita ta tsaya, ta kalla. Ammi take ce mini, wato baffa da Larabci.

"Ammi, daktor yana son ganinka."

"Ni ba ni da ciwo."

"Ba don kai ba. Tambaya zai yi a kan danginku."

"Me ya haɗa shi da dangina?"

Ta ce da suka buɗe cikin, sun tarar da hanjin cike da tsiro ƙanana, ɗaruruwa, kamar ƙyanda ta fito ta ciki. Ɗaya daga cikinsu ya zama ciwon daji, har ya kai hanta. Ta ce irin wannan gadonsa ake yi. Dole a ɗebi jinin Zaharadden a auna, a kuma yi masa minzar.

Na ce, "Mene ne minzar?"

A nan ne ta sunkuyar da kai. Zaharadden yana zaune a bakin ƙofa yana cin gurasar tamis da wake, shi ya amsa.

"Kamara ce, Baba, a bakin tiyo. Ta baya take shiga." Ya yi dariya. "Wallahi na tambaye su ko akwai wata ƙofa, suka ce babu."

Ban yi dariya ba. Yarinyar da aka aura mana ta zo har ɗakina ta ce jinina ne ya kwantar da mijinta. Haka na ji maganar.

"Ki koma ki gaya wa likitanki, a gidanmu gona ake gado, ba ciwo ba. Ubana ya haura tamanin yana noma. Ni ga ni nan, buhun shinkafa nake kai wa mutanen hawa na uku."

"Ammi, ba zagi ba ne."

"Na gama."

Ta tafi tana share ido da gefen mayafi. Zaharadden ya wanke hannu, ya ɗauki makullin motarsa, ya tsaya yana juya shi a yatsa.

"Baba, in je? Sun ce yau ma za su iya ɗibar jinin. Minti kaɗan ne."

"Kana ciwo?"

"La, ba na ciwo."

"Kana cin abinci?"

"Har da naka, in ka juya baya."

"To zauna."

Ya rataye makullin a ƙusa. Bai taɓa tsallake maganata ba tun yana yaro.

Aka sallami Babba da jaka a gefen cikinsa, inda bayan gida ke fita. Ruba ba ta iya canza ta ita kaɗai. Zaharadden ya ɗauki aikin. Kullum kafin ya tafi shago sai ya biya Bani Malik. In ya dawo da yamma, ina zaune a kujerata ta bakin ƙofa, sai in ce, "Yaya mutanen Bani Malik?"

"Alhamdulillah."

"Suna cin abinci?"

"Kaɗan."

Iyakar tambayata ke nan. Na sayi zuma mai kyau na ce a kai wa Ruba. Na sayi dabino na ce a kai wa Ruba. Kowa ya san wa ake nufi.

Akwai Abdelkader, mutumin Chadi, haris na benen da ke kallon namu. Mun daɗe muna shan shayi tare bayan la'asar. Shi kaɗai ke iya faɗa mini magana.

"Kai dutse ne, Isha'aku. Ɗanka yana kwance, kai kana nan kana wanke motar ɗan haya."

"Motar ba za ta wanke kanta ba."

"Mu ma muna da kunya a ƙasarmu, amma muna zuwa dubiya. Ku 'yan Damagaram ko gidanku na ci da wuta sai kun gama ɗaura rawani."

"Zuba shayi. Ya yi sanyi kamar hankalinka."

Ya zuba. Bai san cewa tun watan Rajab abinci ba ya wuce mini maƙogwaro sai da ruwa ba. Ban ga dalilin gaya masa ba.

Aka fara yi wa Babba ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, kimawi suke ce masa. Azumi ya zo ya wuce. Na lura wasan Zaharadden ya ragu. Yana dawowa da warin asibiti a hannunsa, ya wanke, ya sake wankewa. Wata rana yana cire takalmi ya ce, ba tare da na tambaya ba, "Ya daina zuwa masallaci."

Ya ajiye takalmin, ya ci gaba.

"Jakar tana ƙara in ya yi sujada. Wani yaro ya yi dariya a sahu. Liman ya zo har gida ya ce masa sallarsa ta yi, Allah ya san larura. Ya ce ya sani. Amma bai koma ba."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Na tashi na tafi duba tankin ruwa, ko da yake na duba shi da safe.

Bayan Babbar Sallah likitoci suka ce maganin ba ya aiki. Suka ce a riƙe shi a gida, a riƙa ba shi na rage zafi. Ruba ta sake zuwa. Wannan karon ba ta ko yi sallama da kyau ba.

"Ya ce ko ka zo, ko mu ɗauko shi a kan kujera mu ajiye shi a bakin ƙofarka, duk 'yan haya su gani. Ka zaɓa, Ammi."

Na sa babbar rigata. Na bi ta.

Ɗakin yana da sanyi da ƙamshin turaren wuta, amma turaren bai rufe komai ba. Ban dubi gadon kai tsaye ba. Abin da gefen idona ya gani ya isa: wuya kamar na tsohon zakara, idanu rawaya. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa, fuskata ga bango. Zaharadden yana wurin aiki. Da gangan suka zaɓi lokacin.

Daga gadon Babba ya ce, "Ruba, ki ce wa Baba sannu da zuwa."

"Ki ce masa na amsa."

Ruba ta tafa hannu. "Ya Allah! Ɗaki ɗaya kuke! Ni tarho ce?"

Babba ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Ki yi haƙuri, habibti. Ki zauna kawai a tsakiya, ba sai kin maimaita ba. Ki ce wa Baba zan yi masa bayani da aikinsa, don shi ya fi sani."

Ta zauna a tsakaninmu. Ya yi magana a hankali, yana hutawa.

Ya ce jikin mutum da ƙwayoyi aka gina shi, ƙanana da ido ba ya gani, kowace kamar bene mai zaman kansa. Fatar cikin hanji tana gogewa kullum saboda abinci, don haka dole a riƙa haifar sababbin ƙwayoyi, ɗaya ta rabu ta zama biyu. Amma ƙwaya ba ta rabuwa don ra'ayin kanta. Sai maƙwabtanta sun aiko saƙo zuwa ƙofarta cewa ana bukata.

"Saƙon ba ya shiga ciki. A ƙofa yake tsayawa, kamar mai kawo kaya. A cikin benen akwai 'yan aike. Su ke hawa sama, ɗakin da aka ajiye rubutun halitta, wanda mutum ya gada daga uwa da uba. In ɗan aike ya shiga, sai ya buɗe shafin da ya ce a rabu, a kwafo shi, a sauko da umarnin, aiki ya fara."

Na ce wa bango, "In ba a aiko saƙo ba fa?"

"Ki ce wa Baba tambayar ke nan. Ana yin 'yan aiken nan kullum, ko da saƙo ko babu. Amma akwai haris a gindin matakala. In babu saƙo a ƙofa, duk ɗan aiken da ya taso sai ya kama shi ya hallaka shi. Ba wanda ke hawa. In saƙo ya zo, sai haris ya ja gefe, su wuce. In an gama, ya koma bakin aiki."

Wannan na gane shi. Na hana mutane da yawa hawa matakala a rayuwata.

"Kowace ƙwaya haris biyu gare ta, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ni an haife ni ɗaya daga cikinsu gurgu ne, a kowace ƙwaya ta jikina. Ɗayan ne ke riƙe da ƙofa shi kaɗai. Ƙwayoyin hanji ba sa ƙirguwa, kuma kullum rabuwa suke. Yau a wannan, gobe a waccan, sai na biyun ma ya faɗi. Daga nan ba mai tsaro. 'Yan aike su taru, su cika matakala, su shiga ɗakin sama ba wanda ya aike su. Shafin nan a buɗe dare da rana, ana ta kwafa. A rabu, a rabu, a rabu. Maƙwabta sun yi shiru tuntuni, ƙwayar ba ta sani ba. Shi ne tsiron. In ya daɗe, wasu abubuwan su ƙara lalacewa a cikinsa, ya zama abin da ke cina."

"Wa ya ɗauki gurgu aikin gadi?"

"Ba a ɗauke shi ba. Da shi aka yi ginin."

"A kore shi a sa wani."

"Likitoci ba su iya wannan ba tukuna. Abin da suka iya shi ne su duba da wuri. In sun ga tsiron, su cire hanjin tun bai juya ba. Wanda aka yi wa haka yana tsufa. Ni na makara. Na daɗe ina ganin jini, na ce basir ne, ina ɗaukar magani daga kantar shagonmu. Mai sayar da magani ke nan."

Ya nemi ruwa. Ruba ta ɗaga kansa ta ba shi. Na ji yadda yake haɗiya da ƙyar.

"Ruba, ki tambayi Baba. Yaya Inna ta rasu?"

Ban shirya wa wannan ba. Na dubi wata tsaga a bangon.

"Jini," na ce. "Ta riƙa zubar da jini. Ta rame. Mata suka ce basir ne, aka jiƙa mata saiwoyi. Daga baya cikinta ya kumbura."

"Shekarunta fa?"

"Kamar nasa yanzu."

"Mahaifinta?"

"Bai yi furfura ba. Ciwon ciki aka ce." Na tuna kuma da wani yayanta da aka aiko mana labarinsa daga Mirriya, shi ma ciwon ciki. Ban faɗa ba. Ba a tambaye ni ba.

"To ki ce wa Baba jininsa lafiya lau. Ba daga gare shi ba ne. Kuma Inna ba ta yi laifi ba, ita ma gadonsa ta yi." Ya numfasa. "Inna haris biyu gare ta, mai kyau da gurgu. Kowane ɗa guda yake ɗauka. Ni na ɗauki gurgun. Zaharadden ba a sani ba. Rabi da rabi ne. In ya ɗauki mai kyau, shi ke nan, ya huta har abada. In gurgun ne, tsiron yana cikinsa yanzu haka da muke magana."

Mukayyif yana ta kaɗawa. Zaharadden ne ya sa musu shi.

"Na roƙe shi, ya ƙi. Ruba ta roƙe shi, ya mayar da abin wasa. Da farko shi da kansa yake son zuwa, ban san me ya canza shi ba. Maganar Baba kaɗai ce bai taɓa tsallakewa ba. Ki ce wa Baba ban taɓa roƙonsa komai ba."

Ni na san abin da ya fara canza shi. Yaron bai gaya musu ba.

Na miƙe. Gwiwoyina suka yi ƙara.

"Ki ce masa na ji."

Na fita. A matakalar gidansu na tsaya na dafa bango har wata mata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata ta wuce.

Ban yi wa Zaharadden magana a ranar ba. Uba ba ya faɗin magana ya janye ta don ɗansa ya kira shi ya yi masa karatu. Na ce bari 'yan kwanaki su wuce, sai in kawo ta kamar daga kaina ta fito. Kwanakin suka wuce, jikin Babba ya ƙara tsanani, Zaharadden ya koma kwana can. Na ce ba yanzu ba, yaron yana da abin da ya ishe shi.

Babba ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Ina share bakin ƙofa Abdelkader ya tsallako titi ba takalmi a ƙafarsa. Tun kafin ya buɗe baki na jingine tsintsiyar.

Zaharadden ne ya shiga ɗakin wanka tare da mai wankan gawa. Shi ya cire jakar ta ƙarshe. Aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi. Na zuba ƙasa kamar kowa. Mutane suna cewa, "Ya haƙuri, Malam Isha'aku," ina cewa, "Da godiya." Wani tsoho ɗan ƙasarmu ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga namiji, ko ƙwalla babu." Na ji shi.

Ruba ta koma gidan iyayenta yin takaba. Kafin ta tafi ta aiko ƙanwarta da saƙo: likitan yana nan yana jira, duk ranar da Zaharadden ya zo za a gan shi. Ta ce kuma in an kama abin da wuri, sau da yawa ana haɗa hanjin ta ciki, ba sai an bar mutum da jaka ba.

Zaharadden ya dawo ɗakinmu. Ba ya wasa, ba ya hira. Zafi ya shigo, aiki ya yi masa yawa, yana fita da sassafe ya dawo a gajiye. Ina kallonsa yana cin abinci, ina auna wuyansa da ido. Kullum in ce gobe.

Wata safiya na shiga banɗaki bayansa. Ya zuba ruwa, amma ruwan bai tafi da komai ba. A gefen farin tangaran akwai jini. Ba yawa. Ja ne sosai.

Na tsaya ina kallonsa. Na ɗauki buta na wanke. Sannan na duba bayan ƙofa, inda yake rataye rigar aikinsa. A aljihu akwai ƙullin garin magani irin wanda matan Bani Malik ke sayarwa a bakin titi, na basir. Na san warinsa. Irinsa aka jiƙa wa Dela.

Ranar a benenmu yake aiki, na'urorin 'yan haya da ke kan rufi. Lif yana tsayawa a hawa na ƙarshe, daga nan sai tsanin ƙarfe. Na daɗe ban hau shi ba saboda gwiwa. Na hau. Ƙarfen yana ƙona tafin hannu.

Rana ta take tsaka. Daga can ana hango teku da ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa. Yana tsugune gaban wata na'ura ya buɗe cikinta, tawul a kansa. Da ya gan ni ya miƙe da sauri.

"Baba! Me ya hawo da kai? Da ka kira ni."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Jinin."

Ya sake tsugunawa. Ya ɗauki sukundireba ya sa a wani ƙusa da ya riga ya kwance.

"Basir ne. Zafi ne da yaji. Kowa a shagonmu yana da shi."

"Ajiye wannan. Sauka ka yi wanka, ka ɗauki mota. Asibiti za mu, ni da kai."

Bai ɗago ba.

"Da kai nake."

"Na ji, Baba."

"To tashi."

"Ina da aiki. Mutanen hawa na biyu suna da jariri, ɗakinsu kamar tanda."

"Jaririn ba nawa ba ne."

Ya goge fuska da tawul. Na ga hannunsa, na ga agogonsa ya sauko ƙasa da inda yake zama.

Na ce masa abin da na iya riƙewa. Na ce akwai haris biyu, ɗaya gurgu. Na ce 'yan aike suna hawa sama ba wanda ya aike su. A bakina maganar ta fito a karkace, ba kamar yadda aka yi mini ita ba. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Na sani, Baba. Ya yi mini wannan karatun har na haddace. Har zane ya yi mini a bayan kwalin magani."

"To ka san rabi da rabi ne. Wataƙila ba ka da shi."

"A da ne rabi da rabi." Ya dube ni. "Kai ma ka shiga banɗakin."

Ya jefa tawul a kafaɗa, ya ci gaba.

"In na je, za su gani. In sun gani, za su yanka. Wanda aka yanka ba ya ɗaukar mukayyif a kafaɗa ya hau tsani. Kafili, maigidan da ya tsaya mini, zai jira ni wata ɗaya, biyu, sannan ya ce halas, ya sallame ni. In iƙama, takardar zamana a ƙasar nan, ta mutu, ina za a kai ni? Nijar? Ban taɓa ganin ta ba. In sauka da jaka a ciki, ina tambayar mutane hanyar garin ubana da Larabci?"

"Ruba ta ce in da wuri ne, ba a barin jaka."

"Shi ma haka suka ce masa. Wai ta ɗan lokaci ce."

"Shi ya makara. Kai ba ka makara ba."

"Wa ya sani?" Muryarsa ta tashi, abin da bai taɓa yi a gabana ba. "Ni na riƙe jakar nan, Baba. Ni na wanke wurin da fatar ta ɗaye. Ni yake riƙe wa hannu yana cewa in rufe ƙofa kada matarsa ta ji wari. Sun yanka shi, sun zuba masa wuta a jijiya, ya mutu duk da haka. Ni na gani. Kai ba ka gani ba."

Gaskiya ya faɗa. Ban musa ba.

Na'urar maƙwabta tana ta huro mana iska mai zafi. Na zauna a kan bututun ruwa, na zama ƙasa da shi. Tun da aka haife shi bai taɓa kallona daga sama ba.

"Zaharadden."

"Na'am."

"Na binne uwarku. Na binne wancan. Ba ni da kowa a ƙasar nan, ba ni da kowa a can. Kai ne ya kamata ka zuba mini ƙasa." Kalmar da ta rage ban saba da ita ba, sai da na nemo ta. "Don Allah. Roƙonka nake."

Ya juya mini baya. Kafaɗunsa suka motsa. Na ɗauka zai ajiye kayan aikin. Na har fara neman inda zan dafa in tashi.

Ya share fuska, ya juyo. In zai kauce wa magana da Larabci yake yi, yana dariya. Wannan da Hausa ya faɗe ta, a hankali, kalma bayan kalma.

"Ka yafe mini, Baba. Ba zan je ba."